Aiken Baba: kwana uku a Zariya kan maganar kuɗin fenti

Saƙon Auta, ƙanina da ke karatun zayyanar gini a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne ya jawo tafiyar. Ya rubuto a tura masa naira dubu talatin da biyar zai sayi fenti da buroshi da yadin zane, ni kuma na yi kuskuren karanta saƙon a gaban Baba a zaure bayan sallar isha'i. Baba ya shekara arba'in yana gini a Kano, ya fara da tubali da azara ya ƙare da bulo da siminti, kuma a saninsa mai fenti shi ake kira a ƙarshe, bayan an yi filasta an kafa ƙofofi. Ya ce, "Yaron da ko harsashi bai taɓa haƙawa ba, me zai shafa wa fenti? Karatun gini na tura shi ko karatun kwalliya?" Na ce wataƙila malamansu ne suka sa su. Ya ce to in shirya in je in gano masa, tunda ni ma abincina a zanen gidaje yake. Gaskiyarsa, shekara tara ke nan ina zana wa mutane fulan a kwamfuta, uku da falo, huɗu da falo biyu, ban taɓa riƙe buroshi ba.

Ranar Laraba da hantsi na shiga Sharon a Unguwa Uku, naira dubu huɗu da ɗari biyar, muka zauna kusan awa guda muna jiran mutum ɗaya. Kura, Kadawa, Ciromawa duk na wuce su ina gyangyaɗi. Bayan Kwanar Dangora muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya leƙo, idonsa ya sauka kan baƙin bututun roba da na rungume, irin wanda muke naɗe takardun zane a ciki, Auta ne ya roƙi in kawo masa. Ya ce mai wannan ya fito. Na fito gabana na faɗuwa, don abin daga nesa bai yi kama da kayan arziki ba. Ya ja da baya ya ce in buɗe da kaina. Ina kwance murfin sai ƙullin yaji ya faɗo, sai ledar dambun nama, sai wata ledar kuma. Ashe Inna ce ta ga rami ta cika shi ba ta gaya mini ba. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bindigar Kanawa da yaji ake ɗura ta. Leda ɗaya dai ba ta ci gaba da tafiyar ba. A Tashar Yari na sayi rake na huce, kafin azahar muna ƙarƙashin gadar Kwangila.

Daga nan mai Keke Napep ya kai ni Samaru a kan naira ɗari biyar. Da ya ji harshena ya ce, "Bakano ne? Ai da ka faɗa da na ninka." Na ce ko bai ninka ba na san na shigo hannun Zage-zagi. Wasan da ke tsakaninmu da su ya fi mu shekaru, kuma duk kwanakin da na yi ban huta da shi ba.

Ɗakin Auta yana bayan kasuwar Samaru, ciki ɗaya, katifa a ƙasa, risho a lungu. Tun daga ƙofa warin fenti da kananzir ya tare ni. Zane bakwai na ƙirga a jingine da bango. Na tsaya a gaban mafi girmansu na daɗe ina neman inda zan kama. Ba mutum, ba gida, ba bishiya. Ja mai duhu irin na jar ƙasa ya cinye kusan rabin yadin, wasu lanƙwasassun layuka masu kauri sun taso daga ƙasa sun haɗu a sama, sai wani farin tsiri siriri da ya ratso daga gefe ya faɗi a karkace. Na ce, "Auta, wannan ɗin shi ne dubu talatin da biyar?" Ya ce, "Yaya, ka ci abinci tukuna." Muka ci shinkafa da wake da mai da yajin Inna. Na kama ɗaki a wani masauki kusa da titi, naira dubu tara kwana ɗaya, fanka ce kawai, ita ma da aka ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya ta tsaya, sauro suka karɓi aiki.

Da safe bayan koko da ƙosai muka shiga jami'a. Abin da na fara lura da shi, sashen masu zayyanar gini da sashen masu zane da sassaƙa duk a tsangaya ɗaya suke, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu. Akwai wani fili cike da mutum-mutumi na siminti da ƙarfe da ɗalibai suka bari shekara da shekaru, wasu sun yi baƙi, wasu ciyawa ta kai musu gwiwa. Na wuce da sauri, don na san idan hoton wurin ya kai ga Baba karatun Auta ya ƙare.

A situdiyo muka sami malaminsu, mutum mai furfura a gemu, alli a aljihun riga. Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni ba ɓoye-ɓoye. Bai yi mamaki ba, ya ce ba ni ne farkon ɗan aike ba. Ya jawo wani tsohon littafi ya buɗe mini shafi biyu. A na farko zane ne na kwalabe da tarin faranti da garayar Turawa a kan tebur, an zana su a miƙe a daddaɓe kamar an danne su da dutsen guga, 1920 aka yi shi. A na biyu wani farin gida ne a tsaye kan siraran ginshiƙai a bayan birnin Faris, an gama shi a 1931. Ya ce mutum ɗaya ne ya yi su, Le Corbusier, wanda ɗalibai ke kira Kobu, haifaffen Suwizalan. Da safe yana ɗakin zane da buroshi, da rana yana ofis yana zayyanar gini, haka ya yi shekaru. Sai ya ɗora yatsa kan ƙugun garayar nan, ya ɗauke ya ɗora kan lanƙwasasshen bangon da ke saman rufin gidan. Ya ce, "Dubi nan, dubi nan." Wallahi lanƙwasa ɗaya ce. Abin da mutumin ya yi ta gwadawa da kwalba da faranti, yadda zagayayyen abu ke zama cikin murabba'i ba su yi faɗa ba, shi ya zo ya zuba da kankare bayan shekara goma.

Ban so in sallama da wuri ba. Akwai abu ɗaya da na sani game da gidan nan tun muna makaranta, shi ne yoyo. Na ce, "Malam, ba wannan ne gidan da matar mai shi ta yi ta rubuta wasiƙa tana cewa ruwan sama na zuba a ciki ba?" Ya yi dariya ya ce shi ne, kuma bai kare Kobu ba ko kaɗan. Ya ce buroshi ba ya koya wa mutum inda zai sa indararo, wannan sai a wurin irin su Baba. Amma ya tambaye ni, cikin gidajen da na zana a shekara tara, guda nawa na san inda rana za ta faɗo a falonsu da la'asar tun kafin a gina. Na yi shiru. Ni taga a wurina lamba ce, huɗu bisa huɗu, a sa ta a tsakiyar bango a wuce wurin. Ba ɗaya ba ba biyu ba, na shiga gidan da na zana na tarar da fitila a kunne da tsakar rana, ban taɓa ɗaukar laifin nawa ne ba.

Wata ɗaliba da ke gefe tana yanka kwali ta sa baki, ta ce a nuna mini na Zaha Hadid. 'Yar Bagadaza ce, an haife ta a 1950. Zanenta kamar an jefa gilashi a ƙasa ya tarwatse aka ɗauki hotonsa kafin ya gama faɗuwa. Da irin wannan zanen ta ci gasar wani gini a Hon Kon a 1983, ba a kuwa gina shi ba, aka yi ta yi mata gorin cewa gininta a takarda yake ƙarewa. Sai a 1993 aka kammala tashar 'yan kwana-kwana da ta zayyana a Jamus, bangayenta a karkace masu tsini kamar yadda suke a zanen, a 2004 kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zayyanar gini ta duniya. Yarinyar tana faɗa idonta na ƙyalli. Ni dai na duba na ce a raina, wanda zai ɗaura rodin wannan gini Allah ya ba shi lada.

Wanda ya fi kama ni shi ne na gida. Malam ya ce a harabar nan da muke tsaye, tun tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko. Daga baya aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya, don sun ƙi yarda a koya musu zanen Ingila tsantsa, suka ce kowa ya koma ya tono abin da ke garinsu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Shi Nwoko gini ya so karanta tun farko, ya ga abin da ake koyarwa bai yi masa ba, ya koma zane. Da buroshi ya fita daga Zariya a 1961, ba shi da takardar shaidar akitek, amma shi ne ya zo ya zayyana majami'ar 'yan Dominikan a Ibadan da cibiyar al'adu ta Oba Akenzua a Benin. Yana cuɗa jar ƙasa da siminti kaɗan ya buga bulonsa, yana shigo da haske ta sama, yana barin iska ta ratsa gini ba sai an sa na'urar sanyaya ɗaki ba. A 2023, yana da shekara 87, aka ba shi Zakin Zinare a babban baje kolin gine-gine na Benis a Italiya. Na ce a raina wannan labarin Baba zai so, musamman wajen rashin takardar.

Da rana ta take Auta ya kai ni dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda wani Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya zayyana a shekarun 1970 lokacin yana koyarwa a nan, magina Hausawa suka gina da ƙasa. Zagayayyun ɗakuna ne sun kewaye fili. Na shiga ɗaya na zauna, gumin da na kwaso daga waje ya bushe, har barci ya fara ɗibata. Da dare muka ci tsire a bakin titi, na dubu biyu, mai naman ya ce Bakano ba ya cin na ƙasa da haka sai in karaya ta zo.

Ranar Juma'a Auta ya ce in shirya da wuri, za mu birni. Muka bi ta Tudun Wada muka shiga ta Ƙofar Doka, ragowar ganuwa na nan a gefe tana zaizayewa kamar tamu ta Kano. Ƙofar fadar Zazzau ta sha zane da launuka, kore da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, dagi cikin dagi, ba inda aka bari fili. Amma ba nan Auta ya nufa ba. Masallacin Juma'a ya ja ni, tun jama'a ba su taru ba. Daga waje ginin zamani ne na kankare, ba abin da zai tsayar da kai. Tsohon masallacin, abin da ya rage daga cikinsa, yana ciki an lulluɓe shi, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830.

Na sha ganin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufin soro, Gidan Makama yana nan a garinmu, kuma Baba ya sha ba mu labarin yadda ake ɗaura shi. Amma ban taɓa tsayawa a ƙarƙashin irin wannan ba. Ginshiƙan masu kauri ne, mutum biyu ba za su rungume ɗaya ba, jikinsu da zane mai zurfi wanda hannu ya tona tun ƙasar na ɗanya. Daga jikinsu bakuna suke tasowa, su lanƙwasa, su haɗu a can sama su ɗauki tulluwa. Ba rodi ko ɗaya. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci, aka jera wata kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, aka ɗaure aka yaɓe da ƙasa har baka ya rufe. Ina cikin ɗaga kai Auta ya kama hannuna ya matsar da ni taku uku zuwa hagu, ya ce, "Yaya, tsaya nan. Kalli can." Wani siririn haske ya ratso ta gefe ya faɗi a karkace a jikin ginshiƙi. Sai da tsigar jikina ta tashi. Zanen nan ne na ɗakinsa, wanda na yi wa ba'a. Layukan masu kauri bakunan ne, farin tsirin ga shi a gabana. Launin ne kawai ya canza, ya mayar da shi na ƙasar da ke ƙarƙashin shafen. Ya ce sau biyar yana zuwa a lokuta daban-daban yana zama, yana son ya gane dalilin da wurin ke sa mutum ya rage murya da ya shigo. Aikin da aka ba su a aji ɗakin karatu ne na unguwa, kuma yana son nasa ya yi wa mutum haka. Ya gwada a kwamfuta, ta ba shi tsawo da faɗi daidai, nauyin wurin ne bai fito ba sai da ya koma buroshi.

Bayan an sauko daga Juma'a wani abokinsa ɗan birni ya kai mu wurin kakansa, tsohon magini, a wani zaure da zankwayensa biyu suka rage, na ukun ya faɗi. Fuskar zauren tana da tsohon zane, da ƙyar ake gane dagi da wani abu mai kama da keke. Dattijon yana kan buzu yana jan carbi. Da ya ji daga inda nake ya ce, "Bakano ya zo koyon gini Zazzau? To madalla, gaskiya ya yi halinsa." Haka ya faɗa, "ya yi", don su Zage-zagi ba ruwansu da mace da namiji a magana, mota ne, rana ne. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, aike ne." Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya.

Auta ya nuna masa hoton zanen a waya. Na zaci zai ce shirme ne. Ya karɓa ya nisanta da idonsa, ya juya wayar, ya ce ai masallaci ne, daga wajen ginshiƙin kudu. Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Na tambaye shi su da can a ina suke zana fulan. Ya miƙa hannu ya ɗauki wani kara ya share ƙasar gabansa da tafin hannu, ya ja murabba'i, ya ratsa shi da layi biyu a gicciye, ya ce ga ɗaurin guga. Ya ƙara wasu layukan ya ce ga yadda za a raba rufin don kada azara ta wuce kamu huɗu ba abin da ya tallafe ta. Ya ce sauran yana kai, kuma da dare ake ganinsa, mutum yana kwance ɗakin yana tsaye a idonsa tun ba a kwaɓa ƙasa ba. Zanen fuskar gida kuwa, ya ce wanda ya ɗora bangon shi ke yinsa, da yatsa da tafin hannu, kafin yaɓe ya sha iska, in ka yi nawa ƙasa ta ƙi ka. Ba su zana mai rai, amma ya ce a ƙuruciyarsa an yi yayin sa keke da agogo da jirgin sama a bangon attajirai, mai gida ya nuna ya waye. Ya yi ta lissafa mana kayan aiki, makuba daga kwasfar ɗorawa, katsi daga marina, ya ce yanzu ko ka samu kayan wa zai biya ka ka yi. Jikokinsa duk bulo suke ɗorawa. Bai faɗa da ɗaci ba, yana faɗa yana goge zanen da ƙafarsa.

A hanyar komawa Samaru ba mu yi magana sosai ba. Na ba Auta dubu goma daga aljihuna, na ce sauran sai abin da Baba ya ce. Ya cire zanen daga katakonsa ya naɗe ya zura a bututun nan, ya ce in kai masa.

Asabar da safe na kamo hanya daga Kwangila, wannan karon dubu biyar, wai mai ya tashi cikin kwana uku. Ba wanda ya tsayar da mu. Na sami Baba a zaure da la'asar, na shimfiɗa zanen a kan tabarma ban ce komai ba. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa ni in juya masa shi, ashe a kife na ajiye. Ya bi layi ɗaya da yatsa daga ƙasa har sama, ya dawo ya bi na biyu. Ya ce, "Wannan bakan ƙafarsa ta yi siriri. In aka ɗora masa tulluwa haka, damina ɗaya zai buɗe." Na ce zane ne kawai, Baba. Ya ce ya sani, amma a gaya masa ya ƙara mata kauri. Ya tambayi nawa yaron ya ce, na ce saura dubu ashirin da biyar. Ya laluba aljihu ya ƙirgo sha biyar, ya ce sauran idan ya zo hutu ya biyo shi wurin aiki ya ɗauki kwanon sarki ya samu. Zanen kuma bai ba ni ba, ya sa almajiri ya nemo ƙusa.